Yadda Ake Koyar da Tsarin Zarra da Jadawalin Sinadarai ta Hanyar Wasanni a Aji

Ɗalibai da yawa suna fara haɗuwa da jadawalin sinadarai ne a matsayin wani faffaɗan allo mai cike da haruffa da lambobi da aka ce su haddace, kuma daga nan ne wasu suke yanke ƙauna da darasin kemistiri baki ɗaya. Hanyar da zan bayyana a nan tana farawa ne daga ƙasa: ɗalibai su gina zarra, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari, da hannunsu, su jera abin da suka gina, sannan su ga jadawalin ya fito daga cikin jerin nasu. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne ka cire duk wani jadawali da ke rataye a bangon aji, ko ka lulluɓe shi, har sai an kai mataki na huɗu. Aikin yana cin darasi biyar zuwa shida na minti arba'in-arba'in, kuma ya tsaya ne a kan sinadarai ashirin na farko, daga haidirojin zuwa kalsiyam.

Kayan da ake buƙata

Ka raba aji zuwa ƙungiyoyi na mutum huɗu ko biyar, kuma kowace ƙungiya ta sami kayan da ke biye.

Abubuwan ƙirga kala uku, kamar marufan kwalba ko maɓallai: guda 20 na furoton, guda 22 na niyutiron, guda 20 na ilektiron. Adadin niyutiron ya fi sauran ne domin zarrar agon tana buƙatar 22. Ka ƙara biyu-biyu a kan kowane kala, saboda wasu za su faɗi su ɓace. Da alƙalami mai kaurin baki ka rubuta alamar + a kan furoton, alamar − a kan ilektiron, sifili a kan niyutiron. Rubuta alamomin yana da muhimmanci ko da launukan sun bambanta, domin a aji ana iya samun ɗalibin da ba ya rarrabe ja da kore sosai, kuma da wuya ya faɗa. Idan hali ya yi, na ilektiron su fi sauran ƙanƙanta.

Kwali mai faɗi guda ɗaya, wanda za a zana masa cibiya da zobba huɗu. Kofin roba mai haske ko murfi da ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa, wanda zai iya rufe cibiyar. Katuna ashirin masu girman tafin hannu. Ƙaramar jaka ko safa da ba a ganin cikinta. Sai alli da igiya domin wasan fili.

Idan ba a sami marufai ko maɓallai ba, tsakuwa da aka shafa wa fenti tana yin aikin, haka ma kwali da aka yayyanka ƙanana. Guntayen takarda marar kauri su ne zaɓi na ƙarshe, domin iska kaɗan tana watsa su, kuma zarrar da aka ɗauki minti biyar ana ginawa takan rushe da buɗe taga. Idan babu kwali, a zana zobban da alli a kan tebur ko a daɓen aji.

Abin da malami zai riƙe a ransa

Ba a buƙatar dogon bayani kafin a fara. Zarra tana da cibiya mai ɗauke da furoton da niyutiron, ilektiron kuma suna kewaye da ita. Furoton yana da cajin +1, ilektiron yana da −1, niyutiron ba shi da caji. Nauyin furoton da na niyutiron kusan ɗaya ne, alhali furoton ya ninka ilektiron nauyi kusan sau 1836, shi ya sa ba a lissafa ilektiron a cikin lambar nauyi. Adadin furoton shi ne lambar zarra, kuma shi kaɗai ne yake tantance wane sinadari ne. Furoton da niyutiron a haɗe su ne lambar nauyi. A sinadarai ashirin na farko, zobe na farko yana ɗaukar ilektiron 2, na biyu 8, na uku 8, sauran su wuce na huɗu. Wannan siffa ta zobba ta samo asali ne daga tsarin da Niels Bohr ya gabatar a 1913, bayan J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897, Ernest Rutherford kuma ya bayyana cibiya a 1911. Niyutiron bai bayyana ba sai a 1932, a hannun James Chadwick.

Mataki na 1: Shirya allon zarra da kafa ƙa'idoji

A tsakiyar kwalin a zana da'ira mai faɗin da zai ɗauki marufai arba'in idan aka ɗora wasu a kan wasu, sannan a zana zobba huɗu kewaye da ita. A kan zobe na farko a yi ƙananan gurabe biyu, a kan na biyu takwas, a kan na uku takwas, a kan na huɗu biyu. Waɗannan gurabe suna rage wa malami magana sosai, domin ɗalibi yana ganin zobe ya cika ba tare da an faɗa masa ba, kuma yana ganin gurbin da ya rage a buɗe, abin da za a dogara da shi a mataki na shida.

Ka rubuta ƙa'idoji uku a allo, su zauna a nan har ƙarshen darussan. Ta farko, a fara da cibiya kafin a taɓa ilektiron. Ta biyu, ba a sa ilektiron a zobe na waje sai na ciki ya cika. Ta uku, da zarar an gama cibiya sai a kifa mata kofi, kuma ba a sake ɗaga kofin sai da izinin malami. Ƙa'ida ta uku ita ce ta fi kowace amfani, kamar yadda za a gani a gaba.

Mataki na 2: Wasan gina zarra

Ka fara da gina guda biyu a gaban aji, kana faɗin abin da kake yi da ƙarfi. Haidirojin yana da furoton ɗaya da ilektiron ɗaya, ba shi da niyutiron. Lithiyam yana da furoton 3, niyutiron 4, ilektiron 3, biyu a zobe na farko, ɗaya a na biyu. Daga nan sai ka raba aiki a cikin kowace ƙungiya: ɗalibi ɗaya yana riƙe furoton, ɗaya niyutiron, ɗaya ilektiron, ɗaya kuma marubuci ne. A riƙa sauya ayyukan bayan kowane zagaye biyu, in ba haka ba mai ƙwazo ɗaya zai kwashe aikin duka, sauran su zama ƴan kallo.

Malami yana kiran lambobi biyu kawai, misali lambar zarra 11 da lambar nauyi 23. Ƙungiya ta gina, marubuci ya rubuta tsarin ilektiron, wato 2,8,1, sannan su ɗaga hannu. Ka ba da maki biyu ga duk ƙungiyar da ta yi daidai, da ƙarin maki ɗaya tak ga wadda ta riga gamawa. Idan aka fifita sauri a kan daidaito, za ka ga ana watsa marufai a kan kwali ba tare da ƙirgawa ba.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar lambar nauyi a matsayin adadin niyutiron, sai ka ga an tara niyutiron 23 a cibiyar sodiyam. Idan ka ga haka kada ka gyara da bakinka. Ka ce su ƙirga duk abin da ke cikin cibiyar, su kwatanta da lambar nauyin da ka kira. Za su sami 34, su gane da kansu cewa 12 ya kamata su sa. Kuskure na biyu shi ne zaton cewa niyutiron kullum daidai yake da furoton, wanda yake faruwa idan malami ya jera misalai irin kabon, naitirojin da oksijin a farko, domin a cikinsu adadin ya zo ɗaya: shida da shida, bakwai da bakwai, takwas da takwas. Ka gauraya su da fulorin mai furoton 9 da niyutiron 10, da aluminiyam mai 13 da 14, da kulorin mai 17 da 18.

A bar fotasiyam da kalsiyam zuwa ƙarshe. Idan an zo kansu, ilektiron na 19 zai wuce zobe na huɗu, kuma ɗalibi mai karatu a gida zai iya tambaya me ya sa, tunda ya ga an rubuta cewa zobe na uku yana ɗaukar 18. Amsar gaskiya ita ce lallai yana ɗauka, amma sauran gurabe goman ba sa fara cika sai bayan ilektiron biyu sun shiga zobe na huɗu, wato daga sikandiyam mai lamba 21 zuwa zinki mai lamba 30. Wannan ne dalilin tsayar da wasan a kalsiyam. Kada ka ce musu zobe na uku ba ya wuce takwas har abada, domin za su sha wahalar cire wannan daga kansu a aji na gaba.

Kafin a tashi, kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa jerin sinadarai ashirin ɗin da tsarin ilektiron na kowanne. Wasan da ba a rubuta sakamakonsa ba yakan tsaya a matsayin nishaɗi kawai, washegari a tarar ba a riƙe komai ba.

Mataki na 3: Zarra ta mutane a fili

Wannan mataki gajere ne, rabin darasi ya ishe shi. A zana zobba da alli ko a shimfiɗa igiya a fili, a ba kowane ɗalibi takarda mai alamar +, − ko sifili ya riƙe a ƙirji. Kabon yana buƙatar mutum 18, oksijin 24, sodiyam 34. Masu cibiya su matsu wuri ɗaya, masu ilektiron su riƙa tafiya a kan zobensu. Idan ajin ƙarami ne, ɗalibi ɗaya ya tsaya a madadin cibiya da kwali mai rubutun adadin furoton da niyutiron, sauran duka su zama ilektiron.

Amfanin fita fili shi ne gyara wata fahimta da allon kwali yake shukawa, wato cewa cibiya ce ta cinye rabin zarra. A haƙiƙa faɗin zarra ya ninka na cibiyarta sau dubu goma zuwa dubu ɗari. Ka ajiye tsakuwa mai faɗin santimita ɗaya a ƙasa a matsayin cibiya, ka sa ɗalibi ya yi ta tafiya har ya kai mita hamsin, ko iyakar inda filin ya ƙare, ka ce a ƙalla can ne gefen zarrar yake. Daga nan ne ya dace ka ba da labarin gwajin da Hans Geiger da Ernest Marsden suka yi a 1909 a ƙarƙashin Rutherford a Mancesta, inda suka harba ƙwayoyin alfa, wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin +, ga siririn fallen zinariya: yawancinsu suka wuce kai tsaye, ƙalilan ƙwarai suka dawo baya. Ɗalibin da ya ga nisan da ke tsakanin tsakuwar da abokinsa ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi kan dalilin da ya sa yawancinsu suka wuce.

Ka kuma faɗa musu a sarari cewa zobban siffa ce ta sauƙaƙa lissafi, kuma ilektiron ba ya bin layi guda kamar yadda suke bin igiyar. Jumla ɗaya ta wadatar a wannan mataki.

Mataki na 4: Jera katuna har jadawali ya fito

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shiryen katunan ne yake yanke hukuncin ko zai yi armashi. A fuskar kowane kati a rubuta abubuwa huɗu kawai: nauyin zarra, ko iska ne ko daskararre a zafin ɗaki, ko ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, da ƙarfin haɗuwarsa, wato adadin zarrar haidirojin ko kulorin da zarrarsa ɗaya take kamawa. Suna, alama, lambar zarra da tsarin ilektiron duk su tafi bayan katin, kuma a hana juyawa. Idan suna ya fito a fuska, wanda ya riga ya haddace jerin zai jera su cikin minti ɗaya, ajin ya rasa damar yin tunani.

Nauyin da za a rubuta su ne: H 1.0, He 4.0, Li 6.9, Be 9.0, B 10.8, C 12.0, N 14.0, O 16.0, F 19.0, Ne 20.2, Na 23.0, Mg 24.3, Al 27.0, Si 28.1, P 31.0, S 32.1, Cl 35.5, Ar 39.9, K 39.1, Ca 40.1. Ƙarfin haɗuwa kuwa ɗaya ne ga H, Li, Na, K, F da Cl. Biyu ga Be, Mg, Ca, O da S. Uku ga B, Al, N da P. Huɗu ga C da Si. Sifili ga He, Ne da Ar. Takwas daga cikinsu iskoki ne, wato H, He, N, O, F, Ne, Cl da Ar, sauran goma sha biyun daskararru ne. Boron da silikon a rubuta musu "tsaka-tsaki", domin suna da wasu halaye na ƙarfe da wasu na wanda ba ƙarfe ba.

Umarni na farko shi ne su jera katunan a dogon layi ɗaya daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. Umarni na biyu shi ne su karanta lambar ƙarfin haɗuwa da ƙarfi, daga farkon layi zuwa ƙarshe. Za su ji tana hawa tana sauka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, uku, biyu, ɗaya, sifili, sannan ta sake farawa daga ɗaya. Ka bar su su maimaita karatun har wani ya ce ai abu ɗaya ake ta nanatawa. Umarni na uku shi ne su yanke layin a duk inda aka gama zagaye, wato bayan sifili na farko da na biyu, sannan bayan wasu katuna takwas, su dawo da sauran ƙasa a matsayin sabon sahu. Sahu na farko zai ƙunshi katuna biyu, na biyu takwas, na uku takwas, na huɗu biyu.

A nan matsaloli biyu za su taso, kuma duka biyun ana son su taso. Ta farko ita ce katin hiliyam, wanda zai zauna a gurbi na biyu a saman wani ƙarfe daskararre, alhali shi iska ne mai sifili. Ka tambaye su ko akwai wurin da ya fi dacewa da shi, za su tura shi ƙarshen dama, saman sauran masu sifili. Ta biyu ta fi daɗi. Tunda 39.1 bai kai 39.9 ba, wani ƙarfe mai ƙarfin haɗuwa ɗaya zai faɗo a ƙarƙashin iskoki masu sifili, iska mai sifili kuma ta faɗo a ƙarƙashin ƙarafa. Ƙungiyoyi sukan rabu biyu a kan wannan: wasu su ce an ce a bi nauyi don haka dole a bar su a haka, wasu su ce hankali ba zai ɗauka ba. Ka ƙyale gardamar ta yi minti biyar kafin ka sa baki, domin a cikinta ne ɗalibai suke fara kafa hujja da halayen sinadarai.

Idan sun sauya katunan biyu, ka ba su labarin Dmitri Mendeleev, masanin Rasha da ya fitar da jadawalinsa a 1869, lokacin da sinadarai kusan 63 aka sani. Shi ma ya gamu da irin wannan a tsakanin teluriyam da ayodin, ya kuma fifita hali a kan nauyi. Ka kula kada ka ce a kan agon da fotasiyam ya yi haka, domin agon bai bayyana ba sai a 1894. Cikakken dalilin ya fito ne a 1913, sa'ad da Henry Moseley ya nuna cewa lambar zarra ce ainihin abin da jerin yake bi.

Yanzu ne za a juya katunan. Lambobin zarra za su fito a jere daga 1 zuwa 20 ba tare da tsallake ba, agon 18, fotasiyam 19. Ka sa su duba littafinsu daga mataki na biyu, za su ga agon yana da niyutiron 22, fotasiyam 20, wanda shi ne ya sa agon ya fi nauyi duk da ƙarancin furoton ɗinsa. Sannan su karanta lambar ƙarshe ta tsarin ilektiron daga sama zuwa ƙasa: lithiyam 2,1, sodiyam 2,8,1, fotasiyam 2,8,8,1. Su kuma ƙirga yawan zobba a kowane sahu. Ka bar su su rubuta ƙa'idojin biyu da kalmominsu: ƴan rukuni ɗaya, wato waɗanda ke layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, suna da adadin ilektiron ɗaya a zoben waje, ƴan sahu ɗaya kuma suna da adadin zobba ɗaya. Hiliyam ne kaɗai ya saɓa, domin nasa biyu ne, amma zobensa a cike yake kamar na niyon da agon.

Sai bayan wannan ne za a buɗe jadawalin bango, mai sinadarai 118 a sahu 7 da rukuni 18. Ka nuna musu cewa nasu yanki ne na wannan, kuma babban giɓin da ke tsakiya wurin rukuni na 3 zuwa na 12 ne. Wasu littattafai suna ƙirga manyan rukunai daga I zuwa VIII, wasu daga 1 zuwa 18. Ka zaɓi wanda manhajarka take bi, ka kuma nuna cewa daga rukuni na 13 zuwa na 18 cire goma ake yi a sami adadin ilektiron na waje.

Mataki na 5: Katin da ya ɓace

Ka tattara katunan, ka zare ɗaya daga kowane ƙunshi a ɓoye, ka mayar musu su sake jerawa. Silikon, magnesiyam da salfa sun fi dacewa a zare, saboda suna da maƙwabta ta hagu da dama da sama. Aikin ƙungiya shi ne ta gano inda giɓin yake, sannan ta rubuta sabon kati da hasashenta. Idan silikon ne, matsakaicin 27.0 da 31.0 zai ba su 29, na gaskiya kuma 28.1 ne, ƙarfin haɗuwa za su ɗauko shi daga kabon da ke sama, wato huɗu. Ka ba da maki a kan hujjar da suka kafa fiye da kusancin lambar.

Haka Mendeleev ya yi, ya bar gurabe a buɗe ya kuma faɗi halayen waɗanda za su cike su. An gano galiyam a 1875, sikandiyam a 1879, jamaniyam a 1886. Ga wanda yake ƙarƙashin silikon ya yi hasashen nauyi 72, da aka gano jamaniyam aka sami kusan 72.6. Kada a zare katuna biyu maƙwabta daga ƙunshi ɗaya, kuma kada a zare haidirojin ko kalsiyam, domin giɓin da ke bakin layi ba ya nuna kansa.

Mataki na 6: Bayarwa da karɓar ilektiron

A koma kan allon zarra. Ƙungiyoyi biyu su zauna fuska da fuska, ɗaya ta gina sodiyam, ɗaya kulorin, kowace ta kifa kofinta a kan cibiya. Tambayar ita ce yadda kowace zarra za ta sami cikakken zobe na waje da mafi ƙarancin motsi. Sodiyam yana da ilektiron ɗaya tilo a zobe na uku, kulorin kuma yana da gurbi ɗaya a buɗe, don haka ba a daɗewa kafin wani ya miƙa hannu ya ɗauke wancan ya cike wannan. Daga nan kowace ƙungiya ta ƙirga alamomin + da − da ke kan allonta. Sodiyam zai sami + goma sha ɗaya da − goma, cajinsa ya zama +1. Kulorin zai sami + goma sha bakwai da − goma sha takwas, cajinsa ya zama −1. Waɗannan su ne ayon, kuma jan junan da ke tsakanin cajinsu ne yake riƙe gishiri.

A nan ne kofin yake nuna amfaninsa. Idan ka ce a mayar da magnesiyam ya zama +2, hannun ɗalibai da yawa zai nufi tarin furoton domin ya ƙara biyu. Kofin zai tsayar da hannun. Ka ɗaga shi sau ɗaya da gangan, ka bar su su ƙara, sannan ka ce su ƙirga: furoton 14, wato sun mayar da magnesiyam silikon. Bayan haka da wuya su sake. Wani ruɗanin kuma shi ne zaton cewa wanda ya rasa ilektiron shi ne zai sami alamar −, tunda ragewa aka yi. Maganinsa ƙirga alamomi a kowane zagaye, ba tare da gajiya ba.

Bayan sodiyam da kulorin sai magnesiyam da oksijin, inda ilektiron biyu suke tafiya. Sannan kalsiyam da kulorin, inda ƙungiyar kalsiyam za ta tarar kulorin ɗaya ba zai iya karɓar biyu ba, dole a kira ƙungiya ta uku, daga nan kuma rubutun CaCl₂ yake samun ma'ana. Wanda ya tambaya game da kabon, ka ce masa shi raba ilektiron yake yi da maƙwabcinsa, kuma wannan darasi ne na daban. Ba a kawo sodiyam ko fotasiyam na gaskiya aji domin wannan wasa, saboda suna kama wuta idan suka taɓa ruwa.

Mataki na 7: Jakar aisotof

Ɗalibai za su riga sun lura cewa nauyin kulorin 35.5 ne, kuma babu rabin niyutiron a cikin kayansu. Ka sa su gina kulorin mai niyutiron 18, sannan da izininka su ɗaga kofi su ƙara biyu. Furoton bai canja ba, don haka har yanzu kulorin ne, sai dai lambar nauyinsa ta tashi daga 35 zuwa 37. Irin waɗannan ake kira aisotof, kamar kabon 12, 13 da 14.

A cikin jaka ka zuba marufai 20, goma sha biyar masu rubutun 35, biyar masu rubutun 37, kwatankwacin yadda suke a duniya, inda kusan kashi uku cikin huɗu na kulorin mai 35 ne. Ɗalibai su riƙa zaro ɗaya, su rubuta, su mayar, su girgiza, har sau arba'in, sannan su fitar da matsakaici. Ƙungiyoyi za su sami amsoshi mabambanta kaɗan, amma idan aka haɗa na aji duka zai matso kusa da 35.5. A ƙarshe a zazzage jakar a lissafa kai tsaye: 525 da 185 sun ba da 710, a raba gida 20 a sami 35.5. Mayar da murfin bayan kowane zarowa wajibi ne, domin idan ba a mayar ba rabon da ke cikin jakar yana canjawa.

Mataki na 8: Bita da gwaji

Domin bita, a liƙa wa ɗalibi kati a baya ba tare da ya gani ba, ya riƙa yin tambayoyin da amsarsu "i" ce ko "a'a" har ya gano ko wane sinadari ne. A hana tambayar suna ko lamba kai tsaye, kuma a taƙaita tambayoyi zuwa shida, abin da zai tilasta masa tambayar yawan zobba, da ilektiron na waje, da ko shi ƙarfe ne. Alamomin Na da K sukan rikita masu farawa, domin ba su dace da farkon sunan da ake kiransu ba, don haka ka yawaita sa su a wannan wasa.

Gwajin ƙarshe a yi shi a rubuce, kowa shi kaɗai, ba marufai ba jadawali, domin aikin ƙungiya yana ɓoye wanda bai gane ba. Tambayoyi huɗu sun isa. A ba da lambar zarra 16 da lambar nauyi 32 a nemi adadin kowace ƙwaya da tsarin ilektiron. A ba da tsarin 2,8,3 a nemi sahu da rukuni da cajin ayon ɗinsa. A tambayi dalilin da ya sa agon ya gabaci fotasiyam. Sannan a ba da wani abu mai furoton 8, niyutiron 10 da ilektiron 10, a nemi ko wane sinadari ne, da lambar nauyinsa, da cajinsa. Amsar ita ce oksijin mai lambar nauyi 18 da cajin −2. Waɗanda suka amsa niyon a tambaya ta ƙarshe sun bi adadin ilektiron ne maimakon furoton, kuma su ne za ka zaunar a ƙaramar ƙungiya, ka mayar musu da allon zarra da kofi, su sake yin mataki na biyu da na shida.